Ƙaiƙayin da ke hana angona barci

'Yata,

Tun ranar da kuka zo suna nake ta juya maganar nan a raina. Na lura da angon nawa a kan tabarma, ya kasa zama wuri ɗaya. Sai mutsu-mutsu yake yi, hannu na komawa bayan wando. Na ga kin zare masa ido. Da ya sake, kin ɗan buge masa hannu, kin ce ba ya jin magana. Ban tanka ba a lokacin, don gida cike yake da mutane, kuma ba a yi wa uwa gyara a gaban jama'a. Da muka keɓe a ɗaki kika ce min ya kusa kwana ashirin ba ya barcin kirki. Tsakar dare sai ya farka yana kuka yana susa. Kin hana shi alewa, kin hana shi rake, kin daina sa masa sukari a koko. Maƙwabciyarku ta ce basir ne, surukarki ta ce ɗankanoma. Kina faɗa kina sunkuyar da kai kamar wadda ta yi laifi.

Ɗago kanki, 'yar nan. Ba ki yi laifin komai ba, shi ma yaron bai yi ba.

Ni ma na bi ta nan. Yayanku na wajena, wanda yanzu ya ajiye gemu yana yi wa ƙannensa faɗa, yana da shekara biyar ya yi irin wannan. Na dake shi, Allah ya yafe min. Na ba shi jiƙo mai ɗaci na maganin zaƙi har ya riƙa gudu in ya gan ni da kofi. Wata biyu muna fama. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi min bayani, sannan na gane ɗan hakin da na raina shi ke tsone mana ido. Daga baya, a shekarun da na yi ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makaranta, na ga abin nan ya fi a ƙirga. To abin da aka koya min shi zan ba ki.

Yaron da ke susar dubura da daddare, da rana kuma ya ɗan samu sauƙi, abin da ake fara zargi shi ne wata 'yar ƙaramar farar tsutsa. Kamanninta kamar guntun farin zaren da tela ya yanke ya yar. Macen tsawonta milimita 8 zuwa 13, wato ba ta wuce ƙwayar doguwar shinkafa da yawa ba. Namijin bai kai rabinta ba, kuma ba a cika ganinsa ba. Likitoci a takardunsu suna rubuta mata Enterobius vermicularis. Ni dai tsutsar dubura nake ce mata, kowa ya gane. Kada ki haɗa ta da macijin ciki, wanda yake dogo kamar tana. Kada ki haɗa ta da tsila, wadda ake samu a naman da bai dahu ba, take fita gunduwa-gunduwa. Kowacce da hanyarta. Ita wannan ba ta shan jini, ba ta bukatar ƙasa ko dabba kafin ta yaɗu. Daga mutum zuwa mutum kawai take tafiya.

Ki saurari yadda take rayuwa, don duk dabarar tana nan. Yaro ya haɗiyi ƙwanta, wanda ido ba ya gani. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a ƙaramin hanji. 'Ya'yan su gangara babban hanji su zauna su girma. Bayan wata ɗaya zuwa biyu macen ta cika da ƙwai. Ba a cikin ciki take zubarwa ba. Sai dare ya yi, yaro ya yi barci, jikinsa ya saki, sannan ta lallaɓo ta fito bakin dubura. Nan za ta manna ƙwayayenta a fata da wani abu mai danƙo, kimanin 10,000 ko ma fiye, ita kaɗai. Motsinta da wannan danƙon su ke kawo ƙaiƙayin. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya nuna, ya isa ya kama wani.

To me yaro zai yi? Dole ya sosa. Ko ke ce sai kin sosa. Yana cikin barci ma bai san ya yi ba. Ƙwai ya shige ƙarƙashin farce. Gari ya waye ya sa yatsa a baki, ko ya ɗauki ƙosai, ko ya gutsura wa ƙanwarsa biredi. Shi ke nan, ƙwai ya koma ciki, nasa da nata. Wanda bai bi hannu ba ya zube a kamfai, a zanin gado, a tabarma, a fo, a hannun buta. A ɗaki mai inuwa yakan yi mako 2 zuwa 3 da ransa yana jira. Kuma ba shi da nauyi. In kin kakkaɓe zanin gado da safe sai ya tashi da ƙura, ya sauka a kan abinci ko ya shiga baki.

Ita tsutsar ba ta da tsawon rai. Da a ce babu sabon ƙwan da ke komawa ciki, da ta ƙare da kanta ba tare da an sha komai ba. Hannu ne ke ta mayar da ita, shi ya sa ake ganin kamar ta ƙi jin magani.

Yanzu kin ga sukari ba shi da hannu a ciki. Tsutsa ba ta tsirowa daga zaƙi, sai an haɗiyi ƙwanta. Ki rage masa alewa saboda haƙoransa, wannan daidai ne. Amma ki mayar masa da sukarin kokonsa, bawan Allah, an hore shi a kan laifin da ba nasa ba. Haka kyanwar gidanku da awaki da kaji, su ma a wanke su daga zargi. Wannan tsutsar a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa.

Kuma kada ki ɗauka ciwon ƙazamai ne ko na talakawa. A Amurka, inda famfo ke cikin kusan kowane gida, ita ce tsutsar da ta fi kowace yawa a jikin mutane. A Turai ma haka. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwanta a busasshen bayan gidan mutanen da suka zauna a wani kogo a jihar Utah, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Kin ga ta daɗe tana bin 'yan Adam, ba a kanki ta fara ba. Duk inda yara ke cuɗanya tana nan: aji, makarantar allo, islamiyya, ɗakin kwana, gidan yawa. Na sha ganinta a jikin 'yan matan da suka fi kowa tsafta a ɗakin kwana, waɗanda ko ƙura ba ta taɓa akwatinsu.

Kafin a sha magani, a tabbatar tukuna. Gani ya kori ji. Ki bari ya yi barci da kamar awa biyu zuwa uku. Ki ɗauki tocila ko fitilar wayarki, ki juya shi a hankali, ki buɗa ki duba. In ita ce, sau da yawa za ki gan ta fara sol tana motsi. Kada ki firgita, kada ki yi ihu ki tashe shi. Ki sa tsumma mai ruwa ki goge, ki wanke hannu da sabulu. In ba ki gani ba daren farko, ki sake gobe da jibi. Wani lokaci ma a kan kashinsa za ki gan ta, ko a kamfai da safe.

Na san ɗan fari ne. Ko sunansa ba kya faɗa, balle a gan ki kina ta hidima da shi a gaban surukai. Alkunya abu ne mai kyau, da ita muka tashi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da tsakar dare daga ke sai shi sai Allah, babu mai ce miki marar kunya.

In kin duba ba ki gani ba, ƙaiƙayi kuma bai daina ba, ku je asibiti. Akwai wata dabara da ake yi tun 1941, mai sauƙi ƙwarai. Da asuba, kafin yaro ya yi bayan gida ko a yi masa tsarki, ana ɗaukar salatif irin farin nan da ake ganin abu ta cikinsa, a manna a fatar bakin dubura, a ɗaga, a liƙa a kan ɗan gilashi. Masu gwaji su duba a madubin da ke ƙara girman abu, su ga ƙwan. Ana so a yi safiya uku a jere, domin ba kullum take fitowa ba. Gwaji ɗaya yakan kama kamar rabi, uku kuwa yakan kama tara cikin goma. Ga wani abu da ke rikita iyaye. Sai a kai kashin yaro gwaji, a ce ba a ga komai ba, uwa ta dawo gida ta ce ashe ba tsutsa ba ce. Alhali ƙwan wannan ba a cikin kashi yake ba, a fata yake. Ki faɗa wa ma'aikacin lafiya a fili cewa ƙaiƙayin dare ne, don ya san inda zai nema.

Maganinta ba tsada, kuma kusan kowane kemis yana da shi. Iri uku aka fi sani. Akwai mebendazol, wanda wasu suka sani da Vermox, ana ba da miligiram 100 sau ɗaya. Akwai albendazol, wanda ake sayarwa da sunan Zentel da wasu sunayen, miligiram 400 sau ɗaya ga babba da yaron da ya wuce shekara biyu. Akwai kuma firantel, wato Combantrin ɗin da kuka sha kuna yara, shi da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 11 a kowane kilo, kada ya wuce giram ɗaya. Na faɗa miki ne don ki san abin da ake ba ki, ba don ki zama likitar kanki ba. Ki bar ma'aikacin lafiya ya zaɓa ya auna. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, ki duba ranar da zai daina aiki. Kada ki saya a hannun mai yawo da magani a faranti cikin rana. Ba sai an yi wa yaro horon yunwa kafin ya sha ba, kuma ba a bukatar maganin wankin ciki bayansa. Wani yaron yakan ɗan ji murɗawar ciki ko ya yi bayan gida mai ruwa, ya wuce.

Yanzu ki buɗe kunne, nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Maganin yana kashe tsutsar, ba ya kashe ƙwan. Yau yaro ya sha, na cikinsa sun mutu, bayan 'yan kwanaki ya yi barci har da minshari. Uwa ta yi hamdala ta manta. Alhali ƙwai na nan a tabarma da farce, wani ma ya riga ya shiga ciki. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya dawo, a ce maganin jabu ne, ko a ce dama an faɗa miki basir ne. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Shi ya sa ake maimaitawa bayan mako 2 cif. A lokacin waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya ba su isa yin ƙwai ba, sai a same su tun suna ƙanana. In ranar Juma'a aka sha, ki tsallake Juma'a ɗaya, ta biyun ita ce ranar. Ki saya duka biyun lokaci guda ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. In kin ce sai ranar ta zo za ki saya, ranar ce kuɗin cefane zai gaza. Na san halin gida.

Za ki ce ai an ba shi maganin tsutsa a makon lafiyar mata da yara, tare da bitamin A. Madalla, ki ci gaba da kai shi. Wancan an tsara shi ne saboda macijin ciki da 'yan'uwansa da ake ɗauka daga ƙasa. Yana taɓa wannan ma, amma sha ɗaya ne, kuma yaron kaɗai aka ba. Ya dawo gida ya tarar da ƙwai na jiransa.

Wannan ya kawo mu maganar da ta fi nauyi. Ba yaron kaɗai zai sha ba. Duk wanda ke kwana a gidan yana cin abinci a cikinsa ya kamata ya sha, kuma rana ɗaya. Ke, maigidanki, ƙanwar maigidan da ke wajenku, yarinyar da ke taya ki aiki. Mutane da yawa suna ɗauke da tsutsar nan ba sa jin komai, musamman manya. Mutum yana yawonsa lafiya lau, yana raba wa yara ƙwai bai sani ba. In an yi wa yaro magani an bar sauran, kamar an share rabin ɗaki ne iska na kaɗawa.

Na san abin da maigidan naki zai ce. Zai ce shi lafiyarsa ƙalau, tsutsa ta yara ce. Marigayi maigidana ma haka ya ce min, Allah ya jiƙansa. Kada ki yi masa gardama, kada ki ce yana da tsutsa, girma zai hana shi karɓa. Ki bari ya ci abinci ya nutsu. Ki ce masa a asibiti an ce sai kowa ya sha sannan yaron zai rabu da ita, kuma in an bar mutum ɗaya kuɗin maganin ya tafi a banza. Namiji in ya ji batun ɗansa da batun asarar kuɗi, zai miƙa hannu.

Sai kuma sauran gidan. Ku gidan yawa ne, 'ya'yanki da na facalolinki tabarmarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, wani lokaci ma a ɗakin kaka suke kwana gaba ɗaya. In kin yi wa naki kin bar nasu, kafin wata ya zagayo ta dawo. In kuma kin je kin ce wa facalarki 'ya'yanta na da tsutsa, kin tayar da wutar da za ta daɗe ba ta mutu ba, za ta ji kamar kin kira ta ƙazama. To ki fara da kanki. Ki ce nawa ne aka samu da ita, ina tsoron kada ya shafa wa naku. Wanda ya fara tona nasa, ba a jin haushinsa. Sannan ki bi ta wajen surukarki. Ki same ta ita kaɗai, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kin kai jikanta asibiti ga abin da aka ce, kina neman shawararta yadda za a yi. Kada ki ce mata ta yi kuskure da ta ce ɗankanoma. Tsohuwa ce, abin da ta gani a zamaninta ta faɗa, kuma don ƙauna ta faɗa. In ita ta tara gida ta ce kowa ya sha, wa zai ƙi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Facalolin naki ma in suna da wayo, sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta.

Akwai waɗanda za a dakata da su. Mai ciki kada ta sha sai ta ga likita, musamman a wata ukun farko. Mai shayarwa ta faɗa kafin a ba ta. Yaron da bai kai shekara biyu ba, irin kishiyar tawa da ke bayanki, sai ma'aikacin lafiya ya gan ta ya yanke abin da ya dace. Wanda ke shan maganin farfaɗiya ko wani magani na kullum, shi ma ya ambata. Wanda ba zai iya shan magani ba bai rasa mafita ba. In ya tsare tsaftar da zan faɗa miki na tsawon mako shida, tsutsotsin za su mutu da kansu ba su bar magada ba.

Tsaftar kuwa ba wani sabon abu ba ne, ƙarin kula ne kawai na 'yan makonni. Wanka da safe ya fi na yamma a wannan lokacin, domin da daddare aka zuba ƙwan. Yana tashi, kafin ya taɓa abinci, ki wanke masa wajen da ruwa da sabulu. Na san hunturu ya kusa, yara na gudun ruwa. Ki ɗumama, ko wankan bai samu ba a yi tsarkin. Ki zuba masa ruwa a tsaye ya gangare. Kada ki zaunar da su biyu ko uku a baho ɗaya, kada kuma wani ya shiga ruwan da wani ya fita. Kowa da sosonsa da tawul ɗinsa. Ya kwana da kamfai mai ɗan kama jiki, da wando a sama, don hannu ya sha wuya kafin ya kai. Da safe a cire a sa wani.

Ranar da aka sha magani, ki tattara zannuwan gado, kayan barci, tawul da kamfai. Ki naɗe su a hankali, kada ki kakkaɓe. Ki jiƙa da ruwan zafi da omo, ki wanke, ki shanya a rana. Allah ya ba mu rana kyauta, ƙwan nan kuwa ba ya son zafi da bushewa. Ki fitar da katifa da tabarmi su sha rana, ki buɗe taga haske ya shiga. In da hali ki bi kamfai da dutsen guga. Kafin shara ki yayyafa ruwa, abin da ake gogewa kuma ki bi shi da jiƙaƙƙen tsumma: fo, bakin masai, hannun ƙofa, kayan wasansu. Kada ki kashe kanki da aiki, 'yata. Ba sai kin wanke bango da rufi ba, kuma ba a bukatar feshin maganin ƙwari. Ƙarfinki ki zuba shi a kan hannu da farce.

Farce a yanke shi ƙasa-ƙasa, na kowa. Ki mayar da shi aikin kowace Juma'a kafin a tafi masallaci, yadda iyayenmu suke yi. Mai cin farce da mai tsotson yatsa a riƙa janye musu hannu da lallashi.

Hannu kuwa, bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Muna tsarki da ruwa, abu ne mai kyau, mun fi masu goge-goge da takarda. Amma ruwa kaɗai ba ya fitar da ƙwan da ke manne da danƙo a ƙarƙashin farce. Muna cewa hagu na tsarki, dama na abinci. Yaro ɗan shekara huɗu ina ya san wannan iyakar? Mu manya ma, hannun da ya yi tsarki shi ke komawa kan buta, shi ke taya dama ɗaura zani da yanka albasa. Ki ajiye guntun sabulu a bakin bayi, a cikin wani ɗan gwangwani da aka huda, inda mai fitowa ba zai iya cewa bai gani ba. Ko sabulun salo ne ya wadatar. A cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ke ma duk sanda kika yi wa yaro tsarki ko kika canza kunzugu, haka. Man goge hannun nan da aka saba da shi lokacin korona kada ki dogara da shi a nan, ba ya maye gurbin sabulu da ruwa.

Sai kwanon wanke hannu kafin cin tuwo. A gidajenmu kwano ɗaya ake zagayawa da shi, babba ya fara, ƙarami ya ƙare. Ki duba ruwan da autan ke tsoma hannu a ciki. Ba na ce a daina ci tare ba, cin kwano ɗaya shi ke haɗa kan 'yan'uwa. A dai riƙa zuba wa kowa ruwa daga buta, yana cuɗawa da sabulu, ruwan na zuba a wani mazubi. Ki ba babban cikinsu riƙon butar, ki ce shi ne sarkin ruwa. Za ki ga yadda zai tsare aikin, har ke sai ya hana ki ci in ba ki wanke ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a kawo miki shawarwari iri-iri, kowa da kyakkyawar niyya. Wata za ta ce a tura tafarnuwa, wata ta ce man zafi, wata toka, wata ma kananzir. Ki yi godiya, kada ki yi. Fatar wajen laushi gare ta, ga shi ya riga ya sosa ta ta yi rauni. Na taɓa ganin yarinyar da aka shafa wa abu mai zafi, ta yi kwanaki tana riƙe kashi saboda tsoron raɗaɗi. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Kuma duk abin da aka shafa a waje ba ya kai wa ga waɗanda ke zaune a hanji. In wajen ya yi ja, ki wanke ki tsane, ki shafa ɗan basilin. Ƙaiƙayin yakan ɗauki 'yan kwanaki bayan shan magani kafin ya lafa gaba ɗaya, kada ki ƙara masa wani a kai don gaggawa.

Game da 'ya mace akwai ƙarin magana, ki riƙe ta saboda gaba. Wani lokaci tsutsar takan ɓace hanya ta shiga gaban yarinya. Sai ta riƙa susar gaba, ko ta ji zafi wajen fitsari, ko a ga ɗan ruwa a kamfanta. Uwa ta tashi hankalinta, a ce sanyi ne, a fara ɗura mata magungunan manya. Wata ma zuciyarta ta tafi wani mugun zato, ta tsare yarinya da tambaya da tsawa. Ki kwantar da hankalinki, ki tambaye ta cikin taushi, ki kai ta a duba. Ma'aikatan lafiya su za su bambance ko tsutsa ce ko wani abin da ke bukatar kulawa ta daban.

Akwai alamun da ba na wannan tsutsar ba ne, in kin gan su kada ki tsaya jiran mako biyu. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, rama, tafin hannu da cikin ido su yi fari, ko wani nama ya leƙo daga dubura. Haka in wajen susar ya kumbura yana ruwa. Waɗannan na asibiti ne a ranar.

In kuma bayan wata uku ko huɗu kin ga hannu ya sake komawa bayan wando, kada ki ce kin gaza. Yaro ne, yana zuwa makaranta, yana wasa da 'yan'uwansa, zai iya sake ɗaukowa. Jiki ba ya yin garkuwa da ita. Sai a sake bin hanyar daga farko. Ba sai an hana shi zuwa makaranta ba. Ki dai raɗa wa malamarsu a gefe, don ta sa ido a kan wankin hannu, ba tare da an nuna shi a cikin yara ba. Yaro in aka yi masa dariya a kan irin wannan, sai ya koma ɓoyewa, ya riƙa shan wahalarsa shi kaɗai cikin dare. Ki gaya masa 'yar tsutsa ce ƙarama, kowa na iya samu, kuma za a kore ta. In ya yi rigima da rana ko ya yi gyangyaɗi a aji, ki tuna kwana nawa ya yi bai yi barci ba.

Daren yau ki cika wayarki da caji ki duba shi. Ina nan tafe bayan sati biyu in Allah ya kai mu, kuma farcen kowa zan fara dubawa, har naki. Ki shafa min kan angona da kishiyata. Ki gaida maigidan, ki ce masa Goggo ta ce shi ma ya haɗiye tasa.